Daga Galmi Zuwa Aliero: Zango Guda a Wani Garin Albasa

Duk wanda aka haifa a Galmi ya tashi ne da yaƙinin cewa albasa tamu ce, sauran duniya saye kawai suke yi. Tun muna yara muke ganin manyan motoci suna lodin buhuna zuwa Abijan da Akara da Lome da Kwatano, kuma jar albasar nan da ake nema ko'ina da sunan garinmu aka san ta. Da wannan yaƙini na tsallaka iyaka a ƙarshen 2024, na nufi Aliero ta jihar Kebbi, inda na tarar da wasu mutane da su ma suka tashi da irin wannan yaƙini game da nasu garin. Abin da na gani a wurinsu shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni ɗalibin aikin gona ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, kuma takardata ta kammala karatu a kan ajiyar albasa take. Wani malamina yana da aboki da ke koyarwa a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006 zamanin Gwamna Adamu Aliero, daga baya aka sa mata sunan Abdullahi Fodiyo. Su biyun suka shirya in je in zauna zango guda, in riƙa shiga aji, in kuma zaga gonaki. Inna ba ta so ba. A lokacin labarin 'yan bindigar Lakurawa ya cika rediyo, ga shi ba a daɗe da buɗe iyaka ba, wadda aka rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Baba ne ya raba gardama. Ya ce wanda ya fito daga ƙasar Konni ba ya baƙunta a ƙasar Sakkwato, ya sa mini albarka.

Daga Konni ɗan kabu-kabu ya tsallakar da ni Illela. Nan na canji sefa, aka miƙo mini damin naira da aljihu ya kasa ɗauka. Hanyar Sakkwato ba ni da abin faɗa a kanta sai yawan shingaye, kowane da mai miƙo hannu, kuma da an ga takardata ta Nijar sai tambaya ta ƙaru. Daga Sakkwato muka bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal. Rana ta yi sanyi muka doshi Aliero, sai ga lawashi kore shar dama da hagu iyakar ganin ido, injinan ban ruwa suna ta ruri ta kowace kusurwa, yara suna jan tiyo tsakanin fangulla. Na san wannan ƙamshi na jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗanyen lawashi tun ina goye, amma faɗin abin ya girgiza ni.

Masaukina na farko kuwa, Allah kada ya maimaita. Da yake ni ba cikakken ɗalibin jami'ar ba ne, sai na nemi ɗaki a cikin gari, kuma wani dillali ya karɓe ni da daddare da fara'a da fitilar waya. A wurinmu haya wata-wata ake biya. Nan sai aka ce kuɗin shekara cur, ko zango guda za ka yi. Na biya don ba ni da inda zan kwana. Da gari ya waye na ga abin da duhu ya ɓoye. Ashe ɗakin ma'ajiyar albasa ne, ruɓaɓɓen ruwanta ya shiga daɓe ya zauna, warin ba ya fita ko an wanke da omo. Kwanon rufin duk huji ne. Rijiyar gidan ta ƙafe, sai an sayi jarka wurin 'yan garuwa. Kuɗin cizo kuwa sun riga ni tarewa a katifar, ga ɓeraye suna sukuwa a rufi har asuba. Na koma wurin dillalin, ya ce ai kowa haka yake zaune, in yi haƙuri. Wutar lantarki ma sai an ga dama a kawo ta, abin da ya ɗaure mini kai, domin wutar da Yamai ke sha ta layin Birnin Kebbi take wucewa, nan kusa da mu. A cuci baƙo ɗan makaranta a kuɗin haya abin kunya ne a ko'ina, kuma na ji yara da yawa daga Zuru da Yawuri suna kuka da irin wannan.

A aji, Ingilishi ne ya fara tare mini hanya. Na yi karatuna duka da Faransanci, don haka makonnin farko ina kallon bakin malami ne kawai, in an fito in nemi mai yi mini bayani da Hausa. Sunayen cututtukan shuka da na ƙwari na Latin su suka cece ni, su kam iri ɗaya ne a Maraɗi da Aliero. Abin da ya burge ni shi ne yadda ɗalibi ke ɗaga hannu ya ja da malami, malamin kuma ya tsaya ya amsa. Mu an hore mu da rubuta abin da aka faɗa, a haddace, a mayar ranar jarrabawa. Abin da bai burge ni ba shi ne wasu 'yan ajinmu, masu karatun aikin gona, ba su taɓa tsoma ƙafa cikin fangali ba, alhali gonakin suna bayan katangar makaranta. Burinsu ofis da fanka. Na faɗa musu haka ido da ido, wasu suka ji haushi, wasu suka biyo ni gona.

Cimar ɗalibai ba ta da yawa: garau-garau, dafa-duka a kan ɗan risho, in wata ya yi nisa a jiƙa garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli. Wannan ban damu ba, ɗalibi ko'ina ɗalibi ne. Shayi ne ya dame ni. A nan in an ce shayi, ruwan zafi ne a babban kofi, a tsoma ɗan ƙunshi, a zuba madara, a haɗa da burodi mai zaƙi, a shanye a tsaye a wuce. Mu kuwa shayi zama ne. Ana hura gawayi, a ɗora 'yar buta, a dafa na fari mai ɗaci, a bi da na biyu, a rufe da na uku, ana tsiyaya daga sama har kumfa ta tashi, kuma a tsakanin nan ne ake sanin juna. Na zo da butata da ƙananan kofuna, don haka na kafa fada a gindin wata dalbejiya bayan sallar isha'i. Da fari mutum uku ne, kafin wata ya ƙare sai an kawo ƙarin tabarma. Akwai Bayarabe ɗan Ilori, akwai Badakkare daga Zuru, akwai 'yan Argungu da ba sa gajiya da labarin kifi.

A wannan fada aka yi ta ja-in-ja ranar 29 ga Janairun 2025, ranar da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Aka yi ca a kaina, wai yanzu na zama baƙo na gaske. Na ce musu gwamnatoci suna da lissafinsu, amma lokacin da aka rufe iyaka, mai albasa a Galmi da mai shago a Illela tare suka yi kuka, kuma akwai gidaje a Konni da rabin danginsu ke wannan gefe. Har yau ina kan wannan magana.

Zaga gonaki ya yi mini wuya da fari. In manomi ya gan ni da takarda da biro, ko dai ya ɗauka rajistar tallafi ce ya ƙara gishiri, ko ya ɗauka haraji ne ya rufe baki. Ana haka na faɗa gonar wani dattijo, mai furfura fat, yana duƙe yana cire ciyawa da hannunsa duk da yana da 'ya'ya da jikoki a gonar. Na gaishe shi, ya ji harshena, ya ɗago.

"Ɗana, kai mutumin ina na?"

"Galmi, Baba."

Sai ya miƙe ya kama hannuna bai saki ba. Ya ce zamanin mulkin Kunce a Nijar ya taɓa zuwa garinmu sayen iri, wani mutum da bai san shi ba ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya raka shi har tasha, kuma tun ran nan yake jiran Allah ya kawo masa ɗan Galmi. Da la'asar ya ce sai ya ga inda nake kwana. Ya leƙa ɗakin, ya toshe hanci da bakin rawani.

"Wanga ɗaki ba na mutum ba na. Kwashe kayanka mu tai gida."

"Baba, ai na biya kuɗin shekara."

"Bar musu, Allah na gani."

Ya ba ni shagon da ke jikin zaurensa, da gado da gidan sauro, ya hana ni ko maganar kuɗi. Uwargidansa, wadda nake kira Inna kamar tawa, ba ta taɓa bari na kwana da yunwa ba. Ranar farko ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kuka da ta ji gabu, na ɗanɗana sai hawaye ya zo mini, don hannun mahaifiyata sak. Furarsu ce dai ban yarda ta kai tamu ba. Tamu ta Adar ta fi jin gero da yaji, nononmu kuma ya fi kauri, kuma na faɗa wa Inna haka, ta ce in bari sai na auri 'yar Kabi tukuna in sake magana.

A gonar wannan dattijo, Baba Alhaji, na yi karatun da ya kawo ni. Aikin iri ɗaya ne da namu: a yi reno, in ya yi kamar mako shida a cire a dasa, a yi ta ban ruwa da cirar ciyawa da feshin ƙwarin da ke tsotse lawashi. Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya a shekarar shi ne mai. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 fetur ya yi ta hawa, har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma inji ba ya jin ba ni da shi. Wasu sun mayar da injinansu na gas, tukunyar girki a bakin rijiya, masu hali kuma sun sa faifan hasken rana. Wannan dabara ta gas ta burge ni ƙwarai, na zana yadda ake haɗa ta a littafina don in nuna a gida.

Inda muka yi ta gardama da 'ya'yan Baba shi ne taki. Suna zuba yuriya da yawa, har kusa da cira, suna kuma ban ruwa har kwanakin ƙarshe, don albasa ta yi ƙato ta cika buhu da wuri. Albasar da aka yi wa haka ruwa ne cikinta, wuyanta kauri, ba ya bushewa, kuma ta wuyan nan ruɓa ke shiga. Tsofaffinmu a Galmi sukan yanke ruwa in lawashi ya fara kwanciya, su bar ta ta sha iska bayan cira har wuya ya ƙanƙance ɓawo ya yi ƙara, sannan a kai ta rudu. Babban ɗan ya ce mini, "Malam, mai saye girma yake dubawa, ba wuya ba." Gaskiyarsa ce in ranar cira za a sayar. Amma kuɗin albasa ba ranar cira yake ba, yana can watannin ƙarshen shekara, lokacin da ta yi wuya a kasuwa, kuma sai wadda ta jure zafin bazara da laimar damina a cikin rudu take kai wa can. Baba yana gefe yana saurare, ya ce abin da ubansa ke faɗa ke nan, yara ne ba sa ji. Ya ware mini fangulla kaɗan ya ce in yi yadda ake yi a garinmu, a zuba a rudu dabam a gani.

Rudunsu kamar namu ne, ɗakin kara da rufin ciyawa, da dandamali a ɗage daga ƙasa don iska ta ratsa. Na shiga da yawa na duba, na kuma tambayi masu su. Kowa labari ɗaya yake bayarwa: a zuba buhuna, a riƙa shiga ana tsince ruɓaɓɓu, in an zo fitarwa a tarar kaso mai tsoka ya tafi. Wannan ciwo ɗaya ne da na Galmi. Mun iya nomawa, su ma sun iya, ajiya ce ke karya mu baki ɗaya, kuma abin takaici ne a ce garuruwa biyu da ke ciyar da kasuwannin Afirka ta Yamma da albasa har yau da kara da ciyawa suke tsare dukiyarsu.

Azumin 2025 ya faɗo a watan Maris, daidai fara cira. Ban taɓa ganin Aliero irin ta wannan lokaci ba. Buhuna jibge a bakin titi sun fi tsayin mutum, mata da yara suna yankan lawashi, masu ɗinkin baki da basilla, 'yan dako suna hawa katako da buhu a ka cikin ƙishirwar azumi, dillalai suna ta waya da Legas da Ibadan da Onica da Fatakwal. Farashi kuwa ya faɗi warwas, kamar kowace shekara, domin kowa ya ci bashin taki da mai, kowa so yake ya sayar yau. Baba ya ba ni labarin 2021, bayan rikicin kasuwar Sasa ta Ibadan, da aka dakatar da kai kayan abinci kudu na 'yan kwanaki, ya ce albasa ta taru a nan har ana rasa mai tayawa. A nan na sallama musu abu guda: ɗan Aliero ya fi mu zuciyar fatauci. Yaro matashi zai bi motarsa har bakin teku ya sayar da kansa, mu kuwa mun saba jiran baƙo ya zo ƙofar gida ya yanka mana farashi. Amma a iri, ko a gaban Sarki zan faɗa, namu ya fi yaji, ya fi tauri, ya fi jure ajiya.

Aliero tana da wani abin da aka san ta da shi ban da albasa, wato ɗori. Wani ɗan fadarmu ya faɗo daga kan kabu-kabu ya karye a hannu, muka kai shi wani gida da aka gaji sana'ar kaka da kakanni. Zauren cike yake, har na ji Zabarmanci a bakin wasu majinyata da aka kawo daga ƙasarmu. Mai ɗorin ya shafa hannun a hankali, ya yi addu'a, ya sa aka riƙe yaron, ya ja sau ɗaya, ya jera karare ya ɗaure. Hannun ya warke sarai. Na girmama wannan baiwa, amma na ga wani da ƙashi ya huda fata, ciwon ya fara wari, kuma irin wannan asibiti ya kamata a fara kai shi a ɗauki hoto a wanke. Na ji daɗi da na ji mai ɗorin da kansa yana gaya wa danginsa haka.

Jega ba ta da nisa, mukan je ranar kasuwa da wani abokina ɗan garin. Gari ne na mahaɗar hanyoyi, ta Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri, ga gulbin Zamfara a gefensa. Kasuwar ta cika ta batse: kara cike da shanu da raƙuma, rumfunan shinkafa, busasshen kifi, tabarmi, da 'yan canji da suka karɓi sefata ba tare da ko ɗaga gira ba. Na ci soyayyen kifi a bakin gada wanda har yau nake tunawa, don mu a Adar kifi baƙo ne. Kakan abokina, wani malami mai ɗakin littattafai, shi ya zaunar da ni ya ba ni asalin garin. Ya ce Malam Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa Jega wajajen 1820. Abdussalami kuwa almajirin Shehu Usmanu ne, wanda ya zauna a Gimbana nan kusa, kuma harin da rundunar Yunfa Sarkin Gobir ta kai wa Gimbana yana cikin abin da ya kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Ya ƙara da cewa Abdussalami Ba'are ne. Na ce masa to ai Arewa tana wajenmu, ƙasar Dogon Dutsi, kuma Maratta inda aka haifi Shehu a 1754 tana nan kusa da Galmi. Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ashe kai ne mai gida, mu ne baƙi." Ya sa aka kawo mini goro da turare. Samarin garin kuwa sun fi son su tuna maka cewa Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓen Najeriya daga 2010 zuwa 2015, nasu ne.

Maiyama sau ɗaya hanya ta kai ni, suna muka je a wani ƙauye kusa da garin, a kan hanyar Koko. Fadamun shinkafa ne ko'ina, an yanka rago, an ci an sha, mutanen kirki. Ban ga abin da ban riga na gani a Jega ba.

Bayan sallah zafi ya sauko, jarrabawa ta matso, fada ta watse kowa ya koma karatun dare. Kwanakin nan duk kamarsu ɗaya. Na rubuta abin da zan iya da Ingilishina, na tattara takardun tambayoyina, na yi sallama. Baba Alhaji ya raka ni tasha da kansa, ya cusa mini kuɗin mota a aljihu, Inna kuma ta ɗaure mini ƙullin gabu da yaji in kai wa mahaifiyata. Albasar fangullana tana rudunsa, mun yi alkawari duk abin da aka fitar zai sa a kira ni a gaya mini, ni kuma zan aika masa da irin Galmi na hannun babana kafin lokacin reno.

Kirana ga malaman jami'o'inmu na Maraɗi da Tawa, da na Aliero da Sakkwato, shi ne su mayar da irin wannan zuwa ya zama tsari, kada ya tsaya a kan abotar malamai biyu. Daga Galmi zuwa Aliero yini guda ne a mota, harshe ɗaya, amfanin gona ɗaya, asara ɗaya. A riƙa turo yara suna zango a can, na can suna zuwa nan, a haɗa kai a kan maganar rudu. Kai kuma ɗan'uwa ɗalibi da za ka je, ka je da rani don ka riski cira, kada ka ba dillali ko dala sai ka ga ɗaki da rana, kuma ka tafi da butar shayinka.